Kambin Sarauniya a wutsiyar gangar Omdurman: yadda ake karanta tambarin mulkin mallaka a jikin kayan da aka kwashe

Tun da rundunar sojan Sudan ta sake karɓe tsakiyar Khartum a watan Maris na 2025, aka ga halin da Gidan Tarihi na Ƙasa yake ciki, akwatunan gilashi a farfashe, ɗakunan ajiya a wawashe, maganar kayan tarihi ta dawo bakin mutane, daga Omdurman har Sinnar da Gadarif. Jami'an gwamnati sun ɗora alhakin a kan dakarun RSF, masu yaƙi da sojan ƙasar, da suka riƙe unguwar kusan shekara biyu, su kuma sun musanta. A majalisu ra'ayi ya rabu. Wasu na cewa da ma Turawa sun kwashe duka, da yanzu suna Landan lafiya lau. Wasu na cewa iya ajiya ba ya mayar da ɓarawo mai kaya. Ana cikin haka labari ke zuwa cewa Jamus da Holand sun mayar wa Najeriya kayan Benin, Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin na fadar Abomey, Ingila kuwa aro ta ba masarautar Asante ta Ghana nasu.

A duk wannan muhawara akwai abin da ba a cika dubawa ba, alhali kusan kowace shari'ar mayar da kaya a kansa take tsayawa: alamun da masu kwasar suka bari a jikin kayan da hannunsu.

## Hanyoyin da kaya suka bi suka fita

Ba hanya ɗaya kayan Sudan suka bi zuwa Turai ba, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ganimar yaƙi, wato abin da runduna ta kwasa bayan ta ci nasara: tutoci, takubba, masu, sulke, lifidi, ganguna, jibbuna masu faci na Ansar, wato mabiyan Mahdin Sudan da ya kafa daular Mahdiyya. Akwai wasoso, abin da soja ya soke a jakarsa ba tare da an rubuta ba. Akwai rabon haƙa, inda gwamnatin lokacin ta ba Turawa izinin tono, aka raba abin da aka samu. Ta haka kayan Karma da Nuri da Marawi ta dā da George Reisner ya haƙo suka isa Boston. Sai kyauta da ciniki, waɗanda wasunsu na gaskiya ne, wasu kuma kyautar mai takobi a wuya ce.

Haka ma kalmar "mayarwa" ta ƙunshi abubuwa daban. Jamus a Yuli 2022 ta sa hannu ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan Benin sama da 1,100, ko da yake da yawansu suna can har yanzu a matsayin aro daga Najeriya. Abin da Ingila ta yi wa Asante a 2024 akasin haka ne: kaya 32 suka koma Kumasi na shekara uku, da damar ƙarin uku, amma mallaka tana Landan. Masu suka suna cewa kayan aro ba ya rufe katara. Masu goyon baya suna cewa gara jama'a su ga kayan kakanninsu da ido a kan su jira majalisar Ingila ta sake doka.

## Ganga ɗaya, hannu uku

A Gidan Tarihi na Birtaniya akwai wata ganga da ta tattara batun gaba ɗaya. Ba irin tamu ba ce mai fata. Gungume ɗaya ne na jan itace, aka rarake cikinsa ta wata doguwar tsaga a gadon baya, aka sassaƙa shi da siffar ɓauna, da kai da wutsiya da ƙafa huɗu. Tsawonta ya haura mita biyu da rabi. Kaurin gefe biyun ya bambanta da gangan, don kowane gefe ya ba da sautinsa idan aka buga. Da irinta ake aika saƙo daga gari zuwa gari a yankin da Sudan ta Kudu da Kwango suka haɗu. Can aka yi ta, a ƙarni na 19.

Masana na ganin ta hanyar harin bayi ta zo arewa, ko dai ganima ko kyautar wani sarki. Sabbin masu ita suka zana mata ado irin na Musulmin kwarin Nilu a haƙarƙari biyu: furanni, da'irori, zane mai kusurwa. Wannan shi ne hannu na biyu.

Na uku ya zo bayan yaƙin Karari kusa da Omdurman, ranar 2 ga Satumba 1898, lokacin da rundunar Janar Kitchener na Ingila, Turawan Ingila kusan 8,000 da sojan Masar da Sudan kusan 17,000, ta karkashe Ansar sama da 10,000 cikin safiya ɗaya, ita kuwa ba ta rasa mutum 50 ba. Gangar ta faɗa hannunsu. Aka sassaƙa ƙaramin kambin sarautar Ingila kusa da wutsiya, aka aika wa Sarauniya Victoria. A 1937 Sarki George na VI ya ba gidan tarihin.

A Hausa kalmar tambari tana nufin gangar sarauta, tana kuma nufin hatimin da ake bugawa a nuna mai abu. A nan ma'anonin biyu suka haɗu a itace ɗaya. Duk Bahaushe ya san ba don kiɗa ake ƙwace tambarin sarki ba. A Sudan ma haka nahas yake, gangar tagulla ta sarakunan Funj da Darfur: wanda ya riƙe ta ya riƙe iko. Kitchener ya fahimci wannan harshe sarai, da shi ya yi magana. Sai dai gangar tana ɗauke da tambaya mai wuya ga masu neman a dawo da ita: wa za a ba? Khartum inda aka ƙwace ta, ko Juba, ko Kinshasa, inda jikokin masassaƙinta suke? Sudan ta Kudu ta zama ƙasa a Yuli 2011, ba ta nan lokacin da aka yi duk wannan.

## Sauran alamun, da yadda ake karanta su

Kambi a jikin itace ba shi da yawa. Alamar da ta fi yawa ita ce ɗan faranti na azurfa ko farin ƙarfe da ake kafawa da ƙusa a kube ko a sandar tuta, an zana sunan wurin yaƙi da kwanan wata da sunan hafsan da ya ɗauka. Atbara, 8 ga Afrilu 1898. Umm Dibaikarat, 24 ga Nuwamba 1899, inda aka kashe Halifa Abdullahi, magajin Mahdi, a kan buzunsa. Darfur, 1916, shekarar da aka kashe Sultan Ali Dinar. An yi farantin ne don alfahari a falon gida ko a ɗakin cin abincin hafsoshi, amma yau shi ne shaidar da ba ta buƙatar rantsuwa.

Sai lambar rajista, wadda ake rubutawa da tawada a ƙasan abu ko a ɗinka a gefen ƙyalle. A Gidan Tarihi na Birtaniya lambar kan fara da shekarar da abu ya shigo, sannan wata da rana, sannan matsayinsa a cikin kayan da suka zo tare. Wanda ya sami lambar ya sami ƙofar kundin rajista, inda aka rubuta wanda ya kawo. Daga nan ake bin silsila baya: wane ya gada daga wane, wanda ya yi aiki a wace bataliya, wadda take ina a wace rana. Aikin ya yi kama da na masu bin isnadin hadisi. Idan mutum ɗaya ya faɗi daga silsilar, hujja ta yi rauni. Ma'ajiyar takardun Sudan da ke Jami'ar Durham, wadda aka kafa a 1957, cike take da wasiƙu da littattafan yau da kullum na jami'an mulkin mallaka, kuma a irinsu ake cike giɓin.

Akwai alamar da ba a jikin abu take ba, a yadda aka ajiye shi take. Masu da takubba a jere a bango kamar mafici, tuta mai kalmar shahada a rataye a ƙasan tutar runduna. Tutocin Ansar suna ɗauke da sunayen Allah, da kalmar shahada, da cewa Muhammadu Mahdi halifan Manzon Allah ne, shi ya sa wurin da aka rataye su yake da nauyi ga Musulmi fiye da yadda mai ratayewar ya zata, ko kuwa daidai yadda ya nufa.

Mafi tsanani shi ne abin da rundunar Kitchener ta yi wa ƙubbar Mahdi a Omdurman. An yi mata ruwan igwa, aka rushe ta, aka tono gawar aka jefa a Nilu, aka ware ƙoƙon kai. Da surutu ya yi yawa a Ingila, har Sarauniya ta nuna rashin jin daɗi, aka binne kan a Wadi Halfa. Ƙarfen da ke ƙololuwar ƙubbar mai jinjirin wata yana gidan tarihin injiniyoyin sojan Ingila a Kent. Ƙubbar da ake gani yau Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahdi, ya sake gina ta a 1947.

Inda ake yawan kuskure shi ne ɗaukar kowane rubutun Turawa a matsayin tambarin mamaya. Yawancin ruwan takobin kaskara mai kyau daga Solingen ta Jamus fatake suka kawo shi tun kafin Kitchener, da alamar maƙerin a jiki: jinjirin wata mai fuska, zaki, ko kyarkeci a guje. Maƙeran gida sun riƙa kwaikwayon alamun don kayansu su yi daraja. Wannan alamar kasuwa ce. Takobin da Faransa ta miƙa wa Senegal a Nuwamba 2019, wanda ake dangantawa da Shehu Umarul Futi, surukin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ruwansa ƙirar Klingenthal ne a Faransa. Kanar Archinard na Faransa ya ɗauke shi a Bandiagara, a Mali ta yau, a 1893, kuma masana tarihi suna saɓani ko na Shehun ne ko na ɗansa Ahmadu.

## Abin da suka bayar da hannunsu

Mulkin mallaka ya karɓa, ya kuma bayar, kuma abin da ya bayar yana ɗauke da tambarinsa. A Arewacin Najeriya Lugard ya ba sarakuna sandar girma da takardar naɗi bayan sun yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila. Kafin 1903 tuta daga Sakkwato ce take halatta sarki, bayan nan sanda ce daga Gwamna. A Sudan masu sarautun gargajiya, nazirai da umdodi da shehunnai, sun karɓi kiswat sharaf, alkyabbar girmamawa. A 1919, cikin tawagar manyan Sudan da ta je Landan, Sayyid Abdurrahman ya miƙa wa Sarki George na V takobin da aka ce na mahaifinsa ne, Sarkin ya karɓa ya mayar masa. Ƙarfen bai canza ba, amma ya tafi takobin jihadi ya dawo kyautar Sarkin Ingila.

Sudan ta taɓa yin tata mayarwar. A ƙarshen 1958, kusan shekara uku bayan 'yancin kai, aka sauke gunkin Janar Gordon, wanda Ansar suka kashe a Khartum, a kan raƙumi da na Kitchener a kan doki daga titunan Khartum aka aika su Ingila.

## Tutar Burmi

Ga mutanen Mai Wurno wannan labarin gida ne. Kano ta faɗi a hannun Turawan Ingila ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na I ya yi hijira gabas da jama'a, aka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake. Tutar Attahiru ta zauna a hannun rundunar da Turawa suka kafa sama da shekara hamsin, sai a 1960 aka mayar da ita Sakkwato ga Sarkin Musulmi Abubakar na III.

Wannan mayarwa ta yi sauƙi saboda dalilai uku: an san tutar, an san ranar da aka ɗauke ta, kuma mai riƙe da ita runduna ce, ba gidan tarihin da doka ta ɗaure ba. Amma ta nuna tambayar da gangar ɓauna ta nuna. Gadon sarauta yana Sakkwato, zuriyar mai tutar kuwa wani babban reshenta yana Sudan. Najeriya ta sake cin karo da irin wannan a Maris 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya ba da sanarwar cewa kayan Benin da aka dawo da su na Oba ne, wato sarkin Benin, abin da ya sa wasu gidajen tarihi na Turai suka dakata suna tambayar wa za su miƙa wa.

## A goge ko a bari?

Masu cewa a goge suna kallon kambin da farantin a matsayin ƙazanta: abu ba zai koma aikinsa na sarauta ko na ibada ba yana ɗauke da hatimin wanda ya wulaƙanta shi. Masu aikin adana kayan tarihi, na Afirka da na Turai, galibinsu suna ƙin haka. Dalilinsu na farko na sana'a ne: kankare sassaƙa daga itace yana cin itacen asali, kuma ba a mayar da shi. Na biyu na shari'a ne, kuma ya fi ƙarfi. Gidan tarihi yana iya cewa abu sayensa aka yi ko kyauta ce, amma ba ya iya musa farantin da ya ce an ɗauke shi a Atbara ranar kaza. Wanda ya cire farantin ya yaga takardar ƙararsa da hannunsa.

Akwai matsaya ta tsakiya da ake bi. Abin da aka maƙala, kamar faranti ko takarda, ana iya cire shi bayan an ɗauki hotonsa a wurinsa, a ajiye shi da lamba ɗaya da abin. Abin da aka sassaƙa a jiki a bar shi, a canza bayanin da ke gefe, ya faɗi wanda ya yi da dalilinsa.

## Inda doka ta tsaya

Yarjejeniyar UNESCO ta 1970, wadda ta hana safarar kayan tarihi ba bisa doka ba, ba ta waiwaye. Abin da ya fita kafin ƙasar mai nema da ta mai riƙewa su shige ta bai shiga ba. Yarjejeniyar Hague da ta haramta wasoso a yaƙi an sa mata hannu a Yuli 1899, kusan wata goma sha ɗaya bayan Karari. Masu riƙe da kayan suna kafa hujja da cewa ganima halal ce a dokar zamanin. Masu nema suna amsawa cewa ko a zamanin an san abin kunya ne: a 1871 Firaminista Gladstone ya faɗa a majalisa cewa yana takaicin kwaso kambi da ƙoƙon coci daga Magdala ta Habasha.

A Ingila dokar 1963 ta hana Gidan Tarihi na Birtaniya rabuwa da kayansa sai a wasu 'yan yanayi, dokar 1983 ta ɗaure gidan Victoria da Albert haka nan. Shi ya sa suke maganar aro. Amma jami'o'i da gidajen tarihi na gundumomi da na rundunonin soja ba su cikin wannan ɗauri, kuma a irin waɗannan ne kayan Mahdiyya da yawa suke. Gidan Horniman a Landan ya miƙa mallakar kayan Benin 72 a 2022. Gidan tarihin sojan Ingila ya mayar wa Habasha gashin kan Sarki Tewodros a 2019. Wanda ke neman tuta ko jibba ya fi kusa da nasara a ƙaramin gida fiye da babba.

Maganar cewa kayan sun fi tsira a Turai ta sami ƙarfi da ɓarnar da aka yi wa gidan tarihi na Khartum, da Gidan Halifa a Omdurman, da fadar Ali Dinar a Fashir. Amsar da ake ba ta ita ce mallaka daban, wurin ajiya daban: ana iya miƙa mallaka yau, a bar abin a inda yake a matsayin amana har ƙura ta lafa, kamar yadda aka yi da Jamus. Ana kuma tunatarwa cewa a 2023 Gidan Tarihi na Birtaniya da kansa ya sanar da ɓata ko lalacewar kaya kusan 2,000.

## Ga mai tsohon takobi a ɗaka

Gidaje da yawa a Mai Wurno da Kassala da Gadarif da Omdurman suna riƙe da abin da kakanni suka zo da shi: takobi, Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka, wasiƙa mai hatimi, takardar naɗi. Dokar kayan tarihi ta Sudan ta 1999 tana ƙirga abin da ya kai shekara 100 a matsayin kayan tarihi, kuma ba a fita da shi ƙasar sai da izinin hukumar kayan tarihi da gidajen tarihi. Kayan zamanin Mahdiyya da na hijirar Burmi duk sun haura wannan. Mai gudun hijira ko mai zuwa Umra da ya sa takobin kakansa a kaya yana iya rasa shi a kwastan. Mai saye a kasuwa kuwa ya sani tun Satumba 2024 UNESCO ta ja kunnen dillalai a kan kayan da suka fito daga Sudan. Lamba da tawada a ƙasan abu, ko gurbin da aka kankare ta, alama ce cewa daga gidan tarihi ya fito. Interpol tana da manhajar waya mai suna ID-Art da ake duba hotunan kayan da aka ba da rahoton sacewa, sai dai abin da ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba ba zai bayyana a ciki ba.

Don haka matakin farko hoto ne. A shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, a ajiye rula a gefe, a ɗauki gaba da baya, sannan kowane rubutu da hatimi da tabo daga kusa. A rubuta tsawo da faɗi da santimita, da abin da aka yi shi da shi, da sunan wanda ya zo da shi da garin da ya fito, kamar yadda dattawan gida suka faɗa. A tura kwafi ga dangi a wata ƙasa.

Ɓarnar da aka fi yi ta son gyara ce. Goge ruwan takobi da toka da lemun tsami ko samfefa yana cinye rubutun da aka zana, don bai kai kaurin farce ba. Ɗan man keken ɗinki a ƙyalle mai laushi ya isa tsayar da tsatsa, kuma kada a bar ruwan cikin kube mai danshi duk damina. Takarda ba a manna mata salatif, ba a yi mata laminatin, don zafin da gam ɗin ba sa fita. Tuta ko jibba ba a ninke ta a layi ɗaya shekara da shekaru, a nan zare yake karyewa; a naɗe ta a kan bututu da aka lulluɓe da farin auduga, nesa da rana da bangon da gara ke bi.

Idan kuma wata rana aka dawo da tuta ko jibba daga Turai, kada a yi saurin shafa ta a fuska don tabarruki. Tsofaffin gidajen tarihi sun riƙa yi wa ƙyalle da fata da gashi magani da gubar asinik da zaiba, daga baya DDT, don kashe asu, kuma gubar tana zama a cikin zare. Sai an gwada, kafin nan da safar hannu ake taɓawa.